Garwar Taragon Ƙarshe

Tankin okada Nafi'u ya kawo mini ranar Talata, yana yoyon fetur ta gindi. Ya dire shi a gabana, ko sallamar kirki babu, ya ce, "Baba Isiya, ɗan ɗiga masa dalma mana, sauri nake yi, ai ba wani aiki ba ne." Ku ji fa! Ba wani aiki ba ne. Tankin da ke cike da tururin fetur, wai in kai masa ƙarfe mai zafi in ɗiga. Na ce masa, "Kai Nafi'u, in ka gaji da duniya tafi kai kaɗai, ni ina da sauran goro a aljihu." Sauran 'yan okadan da ke fakewa a rumfata nan Mayil Tu suka kwashe da dariya.

Ana cikin haka sai rediyon mai shayi ya shiga wani shiri na tunawa da wani babban ɗan kimiyya da ya taɓa zama minista a ƙasar nan, wai shi ne ya cusa wa ɗalibai son karatun kimiyya. Ina jin sunan na ce, "Allah sarki, Dokta Gwangwani." Suka ce wane ne haka? Na ce shi wannan da ake maganarsa, ai a rumfarmu yake zama, a kan buhun gawayi. Wallahi har da masu riƙe ciki don dariya. Wani ya ce, "Baba, ina kai ina minista?" Wani ya ce wataƙila fitila na taɓa sayar wa kukunsa. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai. To ku zauna ku ji, ku da kuke ganin liƙin dalma wasan yara ne. Ni na ga ranar da ruwan shan mata da yara, tarago guda cur, ya rataya a kan liƙi ɗaya da bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Gwangwanin madara shi ne aikina na farko. Na biyo wani falken shanu daga ƙauyenmu ta wajen Gumel, na sauka Fatakwal ina saurayi, ban iya komai ba sai ɗaukar kaya. Malam Iro mai dalma ya gan ni ina raɓe-raɓe a bakin masallacin unguwa a nan Diobu, ya ce in zo in riƙa yi masa zuga. Shi ne ubangidana. Gajere ne, baƙi, yana ɗingisa ƙafar hagu saboda wani tsohon ciwon gwiwa, kuma magana ba ta dame shi ba. Ya miƙo mini almakashin yankan kwano ya ce in farke gwangwanayen madara in daddale su a kan guntun ƙarfen layin dogo, wanda shi ne maƙerarmu. Na daɗe ina wannan kaɗai. Hannuna duk yanka, gishirin gumi yana shiga. Duk ranar da na ce, "Malam, yaushe zan taɓa ƙarfen liƙi?" sai ya ce, "Ranar da ka daina tambaya."

Ƙarfen liƙin nan kansa na jan ƙarfe ne, a gawayi ake gasa shi. Babu wani agogo da zai gaya maka ya yi. Ka ɗago shi kusa da kuncinka, fatar fuskarka ce za ta gaya maka. In bai kai ba, dalma ta dunƙule kamar tuwon da bai nuna ba. In ya wuce, ya cinye farin da ke jikin kwanon, gobe tsatsa ta shiga. Ruwan asid kuwa ba a amfani da shi ɗanye, sai ka jefa masa ɓawon tsohon batir na tocila ya gama tafasa ya huce, sannan ka shafa da gashin kaza a daidai inda za ka liƙe. Wuri mai maiƙo ba ya kama dalma. Wuri mai laima ba ya kama dalma. Wannan na biyun ku riƙe shi da kyau. Yanzu ku gam kuka sani, da sabulu, da ledar da kuke ƙonawa ku ɗiga a tanki, ku tafi kuna addu'a.

Mazurarin manja shi ne abin da matan Ibo suka fi saya a wurinmu, sai fitilar aci-balbal, sai moɗa, sai butar alwala ta 'yan uwanmu. Mahauta su kawo bokiti a sake masa gindi. Duk ƙarshen wata mu cika buhuna a ɗora a mota, wasu su tafi Anacha wurin Hausawan bakin kasuwa, wasu Inugu. Masu sayar da kananzir kan zo su raɗa wa Malam ya ɗan ɗaga gindin ma'auni daga ciki yadda ba za a gane ba. Ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "Isiya, raka shi bakin titi." Kuma akwai wata al'ada a sana'armu ta wancan lokaci: ba a gwada aikin ubangida a gabansa. In maƙeri ya miƙo maka buta ya ce ta yi, to ta yi. Ka zuba mata ruwa a gabansa kana leƙe, ai ka zage shi ke nan.

Wata tukunya mai doguwar hanci ce ta haɗa mu da Dokta. Wata ranar Asabar sai ga wani dogon mutum da tabarau, mutumin Gabas, ya jingine keke, bayan keken ɗaure da gwangwanaye fal kamar mai bin bola. Daga nan sunan ya samo asali, mu muka raɗa masa. Ya gaishe da Malam da 'yar Hausarsa ta kame-kame, sauran ya ƙarasa da Turancin buroka, ina fassarawa. Ya ce shi malamin kimiyya ne a wata kwaleji cikin gari. Kayan gwaje-gwajen da ake kawowa daga Ingila, in ji shi, kulle suke a kabad don kada ɗalibai su fasa, yara suna karanta abu a littafi har su gama ba su taɓa shi da hannu ba. Shi yana son kayan da za su taɓa, su lalata, su gyara. Ya tsuguna ya zana mana da yatsa a ƙasa: tukunya rufaffiya, bututu ya fito daga kanta ya nannaɗe cikin bokitin ruwan sanyi, tururi ya shiga ta nan, ruwa mai tsabta ya ɗigo ta can.

Malam ya yi ta tsaf, sai ƙyalli take. Dokta ya dawo ya juya ta, ya yaba, sannan ya ce in kawo masa ruwa da busasshiyar toka. Na ce masa da buroka, "Oga, ba a yin haka nan." Ya ce me ya sa? Ya cika ta da ruwa, ya goge jikinta ƙaf, ya barbaɗa toka a kan kowane liƙi, ya zauna yana kallo. Malam ya ajiye guduma, fuskarsa ta haɗe. Ya ce, "Isiya, tambaye shi, a gabana?" Kafin in buɗe baki, wani ɗan wuri a kusurwa, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, tokar ta jiƙe ta yi baƙi.

Ranar Malam bai ci abincin rana ba. Matarsa Inna Hajara ta aiko da tuwo ya koma yadda ya zo. Ni na ɗauka mun rabu da mai tabarau ke nan. Washegari da na zo buɗe rumfa sai na tarar da kaskon toka an tankaɗe, an ajiye gefen maƙera. Tun daga ranar ko moɗa ba ta sake barin hannunsa ba sai ta sha toka. Sauran maƙeran layinmu suka yi ta yi masa shaƙiyanci wai Bature baƙi ya mai da shi ɗan makaranta. Ko gezau.

Shi kuma Dokta da ya gane ya taɓa zuciyar dattijo, sai ya dawo ya ce a koya masa liƙi. Kai, ranar mun sha dariya! Ya kama ƙarfen ta wajen da bai kamata ba, ya yi tsalle yana yarfe hannu, tabarau ya faɗa cikin toka. Liƙin da ya yi kuwa kamar kashin kaza. Malam ya ɗaga ya duba ya ce, "Gaya masa wannan ko ba toka na san yana yoyo." Dokta ya yi dariya har da hawaye. Daga nan ya fara zuwa da ɗalibansa duk Asabar, samari masu fararen riguna, su zazzauna a ƙasa gaban Malam Iro. Su ƙera fitilar gwaji, su ƙera ma'auni, su ƙona yatsu. Shi kuma yana tsaye yana tambayarsu me ya sa dalma take bin zafi, me ya sa asid yake cin tsatsa. In yaro ya ba da amsar littafi sai ya ce, "Na ji. Nuna mini." Ni ma a wurinsa na san dalilin abubuwan da hannuna ya daɗe yana yi. Akwai wani cikinsu, Chima, mai ɗan in'ina, wanda har Malam ya ce da ɗansa ne da ya bar masa rumfa.

Bayan wasu shekaru aka kira Dokta Legas aka ba shi minista. Muka riƙa jin muryarsa a rediyo yana zagaya makarantu, har na Arewa, yana ce wa yara kada su jira jirgin ruwa ya kawo musu ilimi. Sau ɗaya ya zo gari da mota mai tuta, ya sa direba ya ratso Diobu cikin taɓo, ya sauko ya zauna a kan buhun gawayin nan da manyan kaya. Malam ya ce, "Gaya masa ya tashi, zai ɓata riga." Ya ce rigar gwamnati ce, ta saba da datti.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da sojoji suka yi juyin mulki har sau biyu. Dokta ya rasa kujera ya dawo kwalejinsa. Ba zan yi muku ƙarya don ku ji daɗi ba: a garuruwanmu na Arewa aka fara yanka Ibo, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, masu shaguna da ma'aikatan jirgi. Allah wadan waɗanda suka yi. Jiragen ƙasa suka riƙa shigowa tashar Fatakwal da masu raunuka da gawarwaki. Matan da jiya suke sayen mazurari a hannuna suka daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Amma mu me muka yi? Malam Iro ya fi rabin rayuwarsa a Diobu, ko kazar wani bai taɓa yankawa ba sai da izini. Labari ya zo daga Anacha da Inugu cewa an far wa unguwannin Hausawa. Sannan aka zo kanmu.

Da rana tsaka aka ƙone rumfarmu. Ina laɓe bayan katangar masallaci ina kallo. Cikin masu watsa fetur har da wani dogo mai wushirya da na sani sarai, yana cikin masu zuwa ranar Asabar, ni da hannuna na koya masa riƙe almakashi. Shi ya nuna musu rumfar. Saboda haka in na ji masu rediyo suna cewa duk wanda ya zauna gaban Dokta ya zama mutumin kirki, sai in yi tsaki. Ƙarya ne. Wasu sun ɗauka, wasu sun zubar. Abin da muka tsira da shi buhu ɗaya ne da Malam ya riga ya kai gida: ƙarfen liƙi, almakashi, sandunan dalma, kwalbar asid.

Aka yi shela duk ɗan Arewa ya bar Gabas. 'Yan sanda suka tattara mu a tashar jirgi, maƙil, ba masaka tsinke, a bayan shingen waya kuma jama'a suna ihu suna jifa. Taragon kaya aka jera mana, irin na gyaɗa da shanu, babu taga sai 'yan ramuka a sama. Wani ma'aikacin tasha ya gaya wa shugabanninmu gaskiya: za a rufe ƙofofi, kuma duk wanda ya sauka neman ruwa a wata tasha kafin a haye kogin Binuwai, to ya sauka ke nan. Ga zafin ƙarshen damina mai dafa mutum. Mutane sun zo da bokitai da ƙwarya da kwanoni. Malam ya dube su ya girgiza kai. Ya ce, "Jirgi na yin girgiza biyu duk wannan ya koma ƙasa. Sai rufaffen abu." To ina za a samu rufaffen abu a ranar?

Hantsi ya ɗaga sai ga wata a-kori-kura ta kutso ta ƙofar kaya, bayanta tsibin garewanin kananzir marasa komai. Dokta ne a gaba, da ɗalibai 'yan kaɗan, Chima a cikinsu. Ashe labarin halin da muke ciki ya kai masa. Mutanen bayan waya suka gane shi, ihu ya koma kansa. Maci amana, karen Hausawa, babu sunan da ba su kira shi ba. Dutse ya same shi a goshi, gilashin tabarau ɗaya ya tsage, jini yana bin hancinsa. Ya goge da hannun riga ya nufo mu. Chima ya raɗa mini cewa a makon nan aka kawo gawar ƙanen Dokta daga Arewa, a wannan tashar ya karɓe ta. Na rasa inda zan sa idona don kunya. Shi kuwa ko kalmar ta'aziyya bai jira ba, ya ce wa Malam da Hausarsa, "Malam, aiki. Ruwa."

Garwar kananzir ba a zuba mata ruwan sha haka kawai, sai ka kashe mutane da amai. Farke samanta za ka yi, ka babbake cikin da 'yar wutar takarda, kaɗan, kada farin ya tashi, sannan a dirje da toka da yashi da ruwan zafi har wari ya fita. Sai a mai da murfin a liƙe shi kewaye, a bar ɗan baki da za a toshe da itace. Muka hura gawayi a kan dakalin tasha. Ɗalibai suna dirza, ina yanka ina daidaita murfi, Malam yana liƙi, Dokta yana cikawa a famfon tasha yana barbaɗa toka. Wadda ta ci gwaji a miƙa tarago. Tsohon minista, tsugune, jini ya bushe masa a fuska, yana leƙen gindin garwa. Wadda ta yi baƙi ya dawo da ita, Malam ya karɓa ba musu. Ban taɓa ganin hannun Malam yana gudu kamar ranar ba.

Maza sun yi ta turereniya sun cika taragon gaba, Allah Ya shirye mu, aka bar mata da yara da tsofaffi a na ƙarshe. A ciki Inna Hajara take, da 'yarsu Ladidi wadda ko arba'in ba ta yi ba, da jaririnta a hannu. Kuma da yake daga gaba aka fara rabawa, garwar da ta rage musu ita ce mafi lalacewa, tsatsa ta ci mata kusurwa ɗaya ta gindi. Malam ya yi mata faci, ya liƙe murfi, aka cika. Injin jirgi ya yi kuka. 'Yan sanda suka fara rufe ƙofofi daga gaba suna tahowa. Dokta ya barbaɗa toka. Muna tsaye mu huɗu a kanta har da Chima, tokar kusurwar nan ta yi baƙi, sannan ɗigo ya fito.

Inna Hajara ta leƙo daga ƙofar tarago ta ce, "Malam, don Allah kawo ta haka nan! Ma toshe da tsumma!" Ya ce, "Kafin a kai Aba ta tsiyaye. Me Ladidi za ta sha?" Ya juyo gare ni ya ce, "Isiya, hau." Na ce, "Malam, bari ni in yi, kai ka hau, ƙafarka." Ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba: "Na ce ka hau! Wa zai karɓa daga sama, matan?" Na hau.

Na gaya muku wuri mai laima ba ya kama dalma. Babu dabara, babu gajeriyar hanya, ko bindiga aka ɗora maka. Dole ya juye ruwan a bokiti, ya kifa kusurwar a kan garwashi ta bushe, ya kankare, ya shafa asid da gashin kaza, ya jira ƙarfe ya yi zafi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ganinsa ya ɗaga ƙarfen kusa da kuncinsa, ya mai da shi wuta, don bai kai ba. Jama'ar tarago suna ta salati. Jirgi ya yi wata girgiza, ƙafafunsa suka fara juyawa. Sannan ya ɗago ƙarfen ya ja dalma a kusurwar, ja ɗaya, a natse, kamar muna rumfa ranar da ba ciniki. Chima ya mai da ruwan cikin garwar, Dokta ya buga toshiya. Ita kaɗai ce ta bar hannun Malam ba ta sha toka ba.

Garwa cike da ruwa ba abin gudu da ita ba ne. Dokta da Chima suka kama ta suna bin jirgi, Malam yana biye yana ɗingishi. Na kwanta rub da ciki na cafko ta, mata suka ja ni da ita ciki. Na sake miƙa hannu na ce, "Malam! Malam, kamo!" Yatsunsa sun taɓa nawa. Gwiwar nan ta ci amanarsa, ya durƙushe a ƙarshen dakali. Na yunƙura zan dira, wani ɗan sanda da ke maƙale a jikin tarago ya hankaɗa ni ciki ya ja ƙofa. Abin da na gani na ƙarshe ta tsagar ƙofa shi ne Dokta ya tsaya a kansa ya buɗe hannuwa, ya sa bayansa tsakanin Malam da masu jifa.

Tafiyar nan ba na son tuna ta. An tsayar da mu a rana a wajen Inugu har muka fid da rai, duwatsu suna sauka a kan kwanon tarago, yara suna suma. Da gwangwanin madara nake rabon ruwa, rabi rabi, masu shayarwa da yara tukuna. Inna Hajara ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta ɗora tafin hannunta a ƙarƙashin kusurwar nan, in an jima ta ɗago ta duba, ta mayar. A bushe yake. Har muka haye gadar Makurɗi aka buɗe ƙofa a bushe yake, da sauran ruwa a gindin garwa. Ba mu rasa rai ko ɗaya ba a taragonmu.

Yaƙi ya zo ya rufe hanya. Babu wanda ya san abin da ya sami Malam. Inna Hajara ta rasu a Kano tana tambaya. Da aka gama yaƙi, ƙura ta lafa, na dawo Fatakwal, don ni ban iya zaman Arewa ba kuma, kuma ina da tambayar da zan yi. Na je kwalejin nan na tarar da Chima ya zama malami, ya rame, furfura ta fito masa tun bai kai ba. Ya rungume ni a gaban ɗalibansa. Shi ya ba ni labari.

Dokta ya sa Malam a bayan a-kori-kura ya rufe shi da buhuna, ya kai shi wani ɗan ɗakin ajiya a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Duk wanda ya tambaya sai a ce wani kurma ne mai gadi. An zo an yi wa Dokta barazana ba sau ɗaya ba, ya ce sai dai a fara da shi. A nan Malam ya zauna yana ƙera musu fitilu da tukwanen tace ruwa lokacin da komai ya yanke. Yunwa da zazzaɓi suka kama shi. Da ya ga ba zai tashi ba, Dokta ya zauna kusa da shi ya tambaye shi yadda ake binne Musulmi, Malam ya gaya masa. Da ya cika, babu Musulmi ko ɗaya da za a kira. Dokta ya wanke shi da hannunsa yadda aka kwatanta masa. Babu farin yadi a gari, sai ya farke fararen rigunansa na ɗakin gwaje-gwaje aka yi likkafani. Sannan ya fito da taswira da kamfas, ya tara ɗaliban da suka rage ya ce su nemo masa inda Makka take daga bayan wannan ɗaki, kuma kada wanda ya yi masa kusan-kusan. Suka kwantar da shi ta gefen dama, fuskarsa tana duban alƙibla. Shi Dokta bai ga ƙarshen yaƙin ba, ciwo ya kashe shi a ƙauyensu.

Chima ya kai ni wurin, gindin wata bishiyar mangwaro, an jera duwatsu. Na koma Diobu na ɗauko liman da mutum biyu muka yi wa Malam sallar da ba a yi masa ba. To wannan shi ne mutumin da rediyo ya shafe rabin awa yana yabo, manya suna ta jera Turanci, an ce an kafa allon tunawa da shi a ƙofar kwalejin. Ba wanda ya ambaci tashar jirgi. Ba wanda ya ambaci abin da mutanensa suka kira shi a ranar, ko abin da namu suka yi wa ƙanensa. Sun wanke shi tas sun rataye a bango, don kada ya tuna wa kowa abin kunyarsa.

Bara jaririn nan na Ladidi ya zo daga Kano, shi ma yanzu da furfurarsa da jikokinsa. Ya ce, "Baba, kai ni kabarin kakana." Chima ya riga ya rasu. Muka je, na tarar an sare mangwaron, an malale wurin da siminti, an ja farin layi, nan malamai suke ajiye motoci. Na auna daga kusurwar tsohon ginin na gane wurin sarai. Wata jar mota ce a kai. Na roƙi mai gadi ya kira mai ita ya ɗan matsar, na ce akwai mutum a ƙasa. Ya dube ni kamar mahaukaci ya ce oga yana mitin. Muka tsaya a rana muna jira, bai fito ba. Sai muka matsa jikin motar, muka ɗaga hannu muka yi wa Malam Iro addu'a ta saman rufinta, mai gadi yana ta daka mana tsawa wai kada mu goge wa oga fenti.